Baƙar rigar da ke jikin taurarin wasan wuta: yaya ake zaɓenta?

Sani_Walda:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin sinadarai. Auren ƙanena ya kama watan Disamba, na yi niyyar a ɗan harba wasan wuta da dare bayan an kai amarya. Wani abokina ya kawo mini kwali guda daga wajen Jibiya, na gwada. Wasu sun tashi sun baje da kyau, wasu kuwa ƙara kawai, babu haske, sai ka ji abubuwa na zubowa bisa kwano kamar tsakuwa. Da safe na tsinci ƴan ƙwallaye a tsakar gida kamar ƙwayar gujiya, wajensu baƙi, da na kankare ɗaya sai ga cikinsa wani launi dabam. A bidiyon Turawa masu yin abin a gida na ga suna ta musu kan wannan baƙar rigar ta waje, wai kowane tauraro, haka suke kiran ƙwallayen, da irin rigar da ta dace da shi. To da me ake zaɓenta? In na gane, gara in haɗa nawa da in riƙa zubar da jikkuna a kan kayan da ba su kamawa.

Ɗan_Bagalam:
Wa alaikumus salam. Angon dai bai san abin da babban yaya ke shirya masa ba.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Sani, da farko ka daina kankare su da farce, kada kuma ka kusantar da su wurin da kake walda. Tauraron da bai kama a sama ba yana nan da ransa.

Abin da ka tsinta curi ne na abu huɗu: sinadarin da ke ba da iskar oksijin, makamashin da ke ci, gishirin ƙarfe mai ba da launi, da danƙon da ke riƙe su tare. Ja daga sitirontiyom yake fitowa, kore daga bariyom, shuɗi daga tagulla, rawaya daga sodiyom. Matsalar ita ce yawancin haɗin launi yana da taurin kai wajen kama wuta. Idan ƙunshin ya fashe a sama, harshen wutar yana shafar tauraron ne cikin ƙiftawar ido, sannan a wurga shi da gudu cikin iska mai sanyi. In bai kama sosai a wannan ɗan lokacin ba, iskar ta kashe shi, ya faɗo maka bisa kwano. Shi ya sa ake yi masa riga da wani haɗi mai saurin kamawa, wanda zai ci da zafi har ya miƙa wa na ciki. Duk mai dafa shayi a fada ya san ashana ba ta kunna gawayi kai tsaye, sai an sa kwali ko ƙirare a tsakani.

Masu sana'ar suna duba abu uku kafin su zaɓa. Zafin da na cikin yake bukata, don akwai wanda sai an yi masa riga biyu ko uku, kowace ta fi ta wajenta zafi. Sai laima, don wasu gishirin suna shan danshin iska su jiƙa rigar daga ciki. Na ukun shi ne ko rigar da abin da ke cikinta suna jituwa, kuma nan ne ake mutuwa. Akwai sinadaran da in sun haɗu, goga kaɗan ko ɗan bugu ya isa su tashi ba tare da wuta ba.

Admin_Rabiou:
Malam mun gode. Kafin a yi nisa: bayanin yadda abu ke aiki, da tarihi, da gargaɗi, duk an yarda. Wanda ya rubuto awo, ko sunan abin da za a haɗa da wane, ko inda ake sayen sinadarai, zan goge kuma in fitar da shi. Akwai yara ƴan lakwal a cikin nan.

Ɗan_Bagalam:
Haba Admin, ilimi ya zama laifi? Duk abin nan yana intanet. Kuma mafarautanmu tun kaka da kakanni suke haɗa albarushinsu, babu wanda ya je jami'a.

Jikan_Sarkin_Baka:
Ɗan Bagalam, ni a gidan farauta na tashi, can wajen Tibiri. Gaskiya ne suna haɗawa. Amma ka zauna cikin tsofaffin maharba ka dubi hannuwansu da fuskokinsu, sannan ka zo mu yi magana. Kakana bai taɓa yin aikin a cikin gida ba, bayan gari yake fita, ɗan kaɗan yake yi, kuma ko ɗansa na cikinsa bai koya wa ba sai da ya yi shekaru yana ɗaukar masa jaka. Albarushin bindigar toka ma abu ɗaya ne da suka sani ciki da waje. Wanga na launi da Malam ke faɗi wata duniya ce.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Jikan Sarkin Baka ya taɓo wurin. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna wasan wuta da albarushi, abin da ake gani a sama bai wuce fari da ruwan lemo ba. Launuka masu kaifi sai wajen shekarun 1830 suka shigo ta hannun masu sana'ar a Italiya, bayan an samu sinadarin kulorat mai ba da iskar oksijin. Wanda ya gano kulorat ɗin, Bafaranshe ne mai suna Berthollet, ya so ya yi albarushi mai ƙarfi da shi. A 1788 aka shirya gwaji a masana'antar albarushi ta Essonne, shi da Lavoisier suna wurin, abin ya fashe tun ana daka shi, mutum biyu suka mutu. Berthollet da Lavoisier su ne manyan masanan kimiyyar zamaninsu, su muke karanta wa ɗalibai a aji. Daga baya masu sana'ar da yawa suka koma ga ɗan uwansa fakulorat saboda ya fi haƙuri, shi kuma ya fi wuyar kunnawa, nan maganar riga ta ƙara nauyi.

Alhaji_Na_Kasuwa:
Ni dai a ganina Sani, kayan da aka kawo maka sun kwana ne. Irin wannan kaya Kirsimeti da sabuwar shekara ake shigo da su Najeriya, wanda bai ƙare ba a jibge shi a sito ya sha damina guda, wani biyu, sannan a sayar wa na nesa da araha. Na san sitocin nan, kwali a ƙasa, rufi na yoyo. Ba ruwan riga, tsufa ne.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Alhaji ai maganarku ɗaya da tawa. Laimar sito rigar take fara ci, tunda ita ce a waje.

Alhaji_Na_Kasuwa:
To madalla. Kuma don Allah ƴan kasuwa ƴan uwana masu ajiye irin kayan nan a shago, ku tuna Jankara a Legas. Ranar 26 ga Disamban 2012 wani sito cike da nokawut ya kama, gine-gine da dama suka ƙone, mutane da yawa suka ji rauni. Kasuwarmu layi-layi ce manne da juna, ga atamfa ga robobi.

Baba_Pompiye:
Yarona Sani, na yi ritaya daga aikin kashe gobara amma kunnena bai manta jiniya ba. Ka ce Disamba. Disamba a Maraɗi hunturu ne, komai ya bushe ƙayau. An gama kaka, karan gero da harawa suna bisa rumfuna da soraye, dangar zana a kowane lungu, ga masu ruwa-ruwa da kwalaben fetur jere a bakin hanya. Tauraron da ya faɗo maka bai kama ba, ka gode wa Allah. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai kamawa a makare, ya fara ci yana kan hanyar saukowa, ya sauka gidan maƙwabci da wutarsa. Rigar da ba ta yi daidai ba ita ke kawo wannan, kuma duk mai koyo sai ya yi irinta kafin hannunsa ya faɗa.

Mutanen garin nan ba su manta Nuwamban 2021 ba, lokacin da azuzuwan zana suka kama a wata makaranta, yara fiye da 20 suka rasu. Ina tuna muku ita ne don ku san saurin da zana ke yi in ta samu wuta. Kafin mota ta fito daga bariki an gama.

Maman_Nana:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Zaki_227:
Amin. Amma Baba, in haka ne ko na sayarwa ma bai kamata a harba ba ke nan?

Baba_Pompiye:
A cikin unguwa, a'a. Bikin hukuma irin na 18 ga Disamba, ranar jamhuriyar Nijar, wanda Maraɗi ta karɓi baƙuncinsa a 2015, abin dabam ne: akwai fili, akwai jami'an tsaro, motarmu tana tsaye, jama'a sun san da zancen. Mai biki in ya nace, ya fara zuwa ofishin magajin gari da komisariya ya nemi izini, ya fita fili nesa da gidaje, ga bokitan ruwa da yashi, babba ɗaya ne mai kunnawa.

Aminou_Changsha:
Gaisuwa daga Sin. Garin da nake karatu yana kusa da Liuyang, a lardin Hunan, inda kaso mai yawa na wasan wutar duniya ke fitowa, mai yiwuwa har da na cikin kwalinka yaya Sani. Masana'antunsu ba katafaren gini ɗaya ba ne. Ƙananan ɗakuna ne warwatse a jikin tsaunuka, tsakanin ɗaki da ɗaki akwai tudun ƙasa, don in ɗaya ya tashi kada ya ja na kusa. A ɗakin haɗi mutum ɗaya ko biyu ne, da ƙayyadadden nauyin da aka yarda ya kasance a ciki. Tufafin auduga suke sawa, ba a shiga da waya ko ashana, a bakin ƙofa akwai ƙarfen da za ka taɓa ya sauke lantarkin jikinka. In zafin bazara ya tsananta hukuma kan dakatar da aikin gaba ɗaya. Duk da haka a Disamban 2019 wata masana'anta a Liuyang ta fashe, mutum 13 suka mutu.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Aminou, wannan lantarkin jiki shi na so in kawo. Kowa a nan ya san yadda a hunturu in ka cire rigar sanyi cikin duhu kake ganin tartsatsi yana ƙas-ƙas, ko ka taɓa ƙofar mota ta ja ka. Busasshiyar iska ke tara shi. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya tada garin sinadari mai laushi, kuma rigar tauraro da gangan aka yi ta don ta kama da abu kaɗan. Ka haɗa hunturun Maraɗi, da yadin roba da muke ɗinkawa, da tabarmar roba, da shagon walda. Da za a ce in zaɓi wuri da lokaci mafi muni a duniya don wannan aiki, ba zan yi nisa da nan ba.

Ɗan_Bagalam:
To Turawan bidiyon fa, su ba jiki gare su ba?

Aminou_Changsha:
Su ma ba haka kawai suke yi ba. A Amurka akwai ƙungiyar masu sha'awar abin, Pyrotechnics Guild International, tun 1969, sabon shiga yana koyo ne a gaban tsofaffin hannu, a fili mai nisa da gari. A Faransa da sauran Tarayyar Turai kayan ma aji huɗu ne, F1 zuwa F4, na huɗun ba a sayar wa kowa sai mai takardar horo. Kuma wanda ya rasa yatsu ba ya ɗora bidiyo.

Hadiza_Infirmiya:
Mu dai namu mu gani ne bayan an gama. Duk ƙarshen shekara sai an kawo yara, galibi hannu da ido. Har ƴar sandar nan mai tartsatsi da ake ba ƙananan yara su riƙe, zafinta ya haura digiri 1000. Tunda zancen ya zo: in an ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20, a cire zobe da agogo kafin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kawo shi. Don girman Allah a daina shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko tawada, wahalar wanke su muke sha kuma suna sa ciwo ya ruɓe. In ido ne kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige.

Ustaz_Limanci:
Ni ban san sinadarai ba, amma Malam Sani ka duba wani gefen. Allah ya ce a Suratul Isra'i masu almubazzaranci ƴan uwan shaiɗanu ne. Kuɗin da za su tashi sama su zama hayaƙi cikin minti biyu, buhun shinkafa ne a ɗakin amarya. Sannan akwai hadisin da ya hana Musulmi ya firgita ɗan uwansa.

Zaki_227:
Allah gafarta Malam, in an bi ta nan ai har anko da kiɗa da jerin motocin kai amarya duk sun shiga. Farin ciki ma yana da haƙƙinsa.

Ustaz_Limanci:
Anko ana sake sa shi ranar Juma'a.

Maman_Nana:
Maganar firgita ɗin nan ita ce tawa. Gwaggona ta taso daga ƙauyensu can yankin Madarunfa saboda ɓarayin daji, tana zaune wurinmu. Bara yaran unguwa suka fasa irin abin nan da tsakar dare, kafin mu farga ta suri jikarta ta yi bayan ɗaki, jikinta na ɓari har asuba. Mutane irinta suna da yawa a garin nan yanzu. Ƙanena Sani, in ma za ka yi, ka zaga ka faɗa wa maƙwabta tun da rana.

Habou_Kabukabu:
Ni tambayata dabam. Mi ya sa shuɗi bai cika fitowa da kyau ba? Ja da kore kullum tas, shuɗi kamar ya sha wanki.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Habou, idonka na da kyau. Shuɗi shi ne mafi wahala a sana'ar. Sinadarin tagullar da ke ba da shi ba ya jure zafi mai yawa, wutar na wuce misali sai ya wargaje launin ya koɗe, in kuma ta yi sanyi hasken ba ya isa a gan shi daga ƙasa. Ga sararin dare shi ma da duhun shuɗi. Rawaya kuwa ta fi kowa rinjaye, ɗan sodiyom kaɗan in ya gurɓata haɗi sai ya danne sauran launuka. Ka barbaɗa gishirin miya a harshen wutar gas ka gani. Wannan gwajin kam na yarda kowa ya yi.

Jikan_Sarkin_Baka:
Wa ya tuna bindigar ashana da muke yi muna yara?

Habou_Kabukabu:
Wa zai manta! Akwai wani a layinmu har yau babban yatsansa bai lanƙwasuwa.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Kan ashana ai kulorat ɗin nan ne na Berthollet. Abokin aikinsa, jan fosforos, yana jikin kwalin inda ake ƙyastawa. Ashanar farko ko'ina ka goga ta kamawa take, har cikin aljihu. Wani ɗan Suwidin mai suna Pasch ya kawo dabarar raba su a 1844, daga baya ƴan uwa biyu Lundström suka mayar da ita sana'a a garin Jönköping. Tun lokacin kowa ke iya kwana da ashana a ƙarƙashin matashi.

Sani_Walda:
Na karanta duka, na gode. Baba Pompiye da Maman Nana, maganarku ta shige ni, unguwarmu Zariya ce kuma bayan gidanmu akwai mai kiwo da harawa jibge. Amma gaskiya abin yana burge ni, ni mutum ne mai son in san yadda aka ƙera abu. Malam, ko ba awo, akwai riga ɗaya da ke yi wa kowane tauraro?

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Babu, kuma masu sana'ar kansu ba su daina musu a kai ba. Wadda ta yi wa wannan daidai tana iya kasa kunna wancan, a jikin na uku kuma ta zama haɗarin da na faɗa. Kafin ka zaɓa sai ka san ainihin abin da ke cikin tauraron da tsarkin kowane sinadari, kai kuwa abin da za ka samu a kasuwa gari ne a leda ba suna ba takarda. In son sanin ne, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari da sashen kimiyya, kuma gwajin launin harshen wuta muna yi wa ɗalibai da abin da bai fi kan allura ba. Ka zo ka kalla.

Ɗan_Bagalam:
Ni har yanzu ina ganin da mun samu mai koyarwa da izini, sana'a ce. Kullum sai dai mu sayi na wasu. Indiya ga garin Sivakasi can, da wannan suke ci.

Aminou_Changsha:
Sana'a ce mana, in da doka da fili da horo. Sivakasi ɗin ma kusan kowace shekara sai an ji labarin fashewa.

Baba_Pompiye:
Sani, sauran na cikin kwalin da ƙwallayen da ka tsinta, ka tattara su da hannu a hankali, kada ka share da tsintsiya, ka zuba a bokitin ruwa su kwana. Wanda aka kunna ya ƙi tashi ba a leƙa shi, ba a sake kunna shi, a ba shi kamar minti 20 kafin a matsa kusa.

Malam_Issoufou_Kimiyya:
Ƙari kan na Baba: bokitin ya zauna a waje, a buɗe, nesa da ɗaki, ruwan kuma ya yi yawa. Masu farin haske akwai garin alminiyom ko maganiziyom a cikinsu, ɗan danshi yana sa su ɗumi. Kada a ba dabbobi ruwan, kada a zuba kusa da rijiya, gishirin bariyom guba ne.

Alhaji_Na_Kasuwa:
Ko ya mayar wa abokin nasa ya karɓi kuɗinsa.

Zaki_227:
Alhaji, ya ɗauko su a kan babur cikin rana ya bi ta Ɗan Isa? Jandarma kaɗai sun ishe shi.

Habou_Kabukabu:
Malam kafin a watse, waɗanda ke canza launi a sama fa, ja ya koma kore, shi ma rigar ce?

Aminou_Changsha:
Bari in riga Malam. Wannan gwanintar Japanawa ce. Tauraron mulmula shi ake yi hawa-hawa a kan ɗan ƙwayar tsakiya, kowane hawa da launinsa, a shanya ya bushe kafin a ƙara na gaba, shi ya sa yake ɗaukar kwanaki. Yana ci daga waje zuwa ciki, launin da aka sa a ƙarshe shi ake fara gani. Wani lokaci suna sa siririn hawa marar haske a tsakani don canjin ya fito tsaf, duka taurarin su juya lokaci guda. Babban bikinsu na Nagaoka ranakun 2 da 3 ga Agusta ake yi, ya faɗa daidai da ranar samun ƴancinmu.

Maman_Nana:
Mu ranar bishiya muke dasawa, ya fi mana.

Ɗan_Bagalam:
Sani, in ka fasa ka faɗa mana, don ni har na fara gayyatar mutane kallo.

Sani_Walda:
Na haɗawa dai na ajiye. Na harbawa sai na yi magana da baban amarya, gonarsu tana hanyar Dakoro, babu gida kusa. Baba Pompiye, in an ba da izinin, mita nawa ya kamata jama'a su ja baya?

Baba_Pompiye:
Ya danganta da girman abin. Ɗauko hoton jikin kwalin ka turo, galibi an rubuta a wurin.